Abin da Ruwa Ke Wankewa da Wanda Ba Ya Wankewa

Tambayar da uwargida ke yi wa kanta idan ta zuba tumatir da latas a roba, wato ko ruwa zai raba su da maganin ƙwari, ta girmi ƙarni guda. Na bi sawunta a tarihi, na iske ta sha tayar da rigima tsakanin ƙasashe.

A shekarar 1892 aka fara fesa wani magani mai haɗin dalma da arsenik a jihar Masacusets ta Amurka. Ba da jimawa ba masu gonakin tuffa suka rungume shi, domin yana manne wa ɓawo, ruwan sama ba ya saurin ɗauke shi. Wannan mannewa da ta daɗaɗa wa manomi ita ce ta zama masifa ga mai ci. A 1925 hukumomin Ingila suka sami arsenik fiye da kima a jikin tuffar Amurka, suka yi barazanar rufe mata kasuwa. Gudun asara ya sa manoma suka shiga wanke tuffa cikin ruwa mai ɗan asid kafin su loda ta a jirgi.

Sai kuma zamanin DDT. Paul Müller, masanin sinadarai ɗan ƙasar Suwizalan, ya gano ƙarfinsa a kan ƙwari a 1939, har ya sami kyautar Nobel a 1948. Sai dai maganin ba ya saurin ruɓewa. Yana taruwa a kitsen dabba da na mutum, ya bi nono zuwa jariri. Littafin Rachel Carson mai suna Silent Spring, na 1962, shi ya farkar da jama'a. Amurka ta hana amfani da shi a gona a 1972, yarjejeniyar Istokholm ta 2001 kuma ta taƙaita shi a duniya. A 1963 ne hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa kwamitin Codex, mai tsara iyakar ragowar magani a abinci.

Mu ma tarihin bai tsallake mu ba. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Nijeriya, saboda yawan sinadarin dikilobos da ke jikinsa, irin wanda ke cikin piya-piya. 'Yan kasuwa ke zuba shi a buhu don gudun ƙwaro, alhali kakanninmu da toka da yashi suke adana wake, yanzu kuma ga buhu mai ninki uku da ke kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska. Abin da ya fi damuna shi ne, irin waken da Bature ya ƙi, shi ne muke yin ƙosai da alala da shi.

To, ina matsayin wanki? Yana da amfani ƙwarai. Cuɗa kayan lambu a ruwa mai gudana, da fere ɓawo, da zubar da ganyen kabeji na waje, duk suna rage abin da ya tsaya a sama, su kuma kori ƙasa da ƙwayoyin cuta. Amma a cikin magungunan zamani akwai masu ratsa tsiro ta saiwa da ganye su zauna a tsoka, waɗannan kuwa ko kogi aka tara ba zai fitar da su ba.

Don haka nake ganin tun ran gini ran zane. Tsabtar tumatir tana farawa ne daga lambu, ranar da manomi ya auna magani daidai, ya kuma haƙura da tsinka har kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba su cika. Uwargida ta yi nata a bakin famfo. Saura manomi da ɗan kasuwa da hukumar NAFDAC su yi nasu kafin kaya su iso hannunta.