Aska da Fata: Nazari kan Gyaran Kaifi a Wanzancin Jos

Wanzamai sun shigo Jos ne cikin ayarin Hausawan da haƙar kuza ta jawo a farkon ƙarni na 20, musamman bayan ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso garin a 1914. Har yau a Gangare, Dilimi da Unguwar Rogo, wanzami ne ke sauke zabira ranar suna ya yi wa jariri aski. Kafin askarsa ta hau kai, sai ya goga ta a kan fata, wani lokacin ma a tafin hannunsa. Mai kallo yakan ɗauka wasa ta yake yi, alhali aikin dutse daban ne, na fata daban.

Dutsen washi cin ƙarfe yake yi. Yana kankare gefen askar biyu har su haɗu su fitar da sabon baki, shi ya sa askar da ake yawan kai wa dutse take sirancewa ta ƙare da wuri. Ita kuwa fata kusan ba ta rage komai. Bakin aska ya fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba, kuma kowane aski yana lanƙwasa shi, yana barin masa 'yan giɓi da ido ba ya gani. A 2020 masu bincike na jami'ar MIT a Amurka sun wallafa a mujallar Science cewa gashi, duk da laushinsa, yana gutsure bakin reza, musamman idan ya gamu da shi a karkace. Fata tana miƙe abin da ya lanƙwashe, ta share ɓurɓushin da dutse ya bari da tsatsar da ta fara kamawa. Askar da ta riga ta dakushe, ko kwana aka yi ana goga ta, sai dutse.

A hannu gwanintar take. Ana kwantar da askar a kan fatar, a ja ta bayanta na gaba, bakin na biye. Wanda ya tura baki gaba zai yanke fatar, ya kuma kashe kaifin. Idan an kai ƙarshe, a kan bayan askar ake juya ta. Juyawa a kan baki na dunƙule shi nan take, kuma nan ne sabon almajirin wanzanci ya fi yin ɓarna. Ba a dannawa, nauyin askar kaɗai ya isa. Dole fatar ta miƙe tsaf, domin idan ta yi sako-sako sai ta lotsa ta naɗe bakin kamar yadda katifa ke rungume wanda ya kwanta. Kuma akan ja a ɗan karkace, don daga gindi har tsini kowane wuri ya samu rabonsa.

Askar Turai, irin ta Solingen a Jamus ko Sheffield a Ingila, an rarake gefenta, an bar mata baya mai kauri. Da an kwantar da ita, bayan ne ke tsayar da kusurwar da ta dace. Askar maƙeri ba lallai ta ba da wannan sauƙi ba, yatsun wanzami ne ma'auninta. A ganina wannan ilimi ne mai zurfi da ba a rubuta shi ba, kuma ya fi ƙarfin a raina shi.

Yanayin Jos na ƙara wa fata muhimmanci. Garin na kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, damina na da tsawo da danshi, kuma baƙin ƙarfe ba ya jimirin laima. Askar da aka mayar zabira da jiƙa za ta wayi gari da tsatsa a baki. Da hunturu kuma fatar ce ke bushewa ta tsage, sai an shafa mata ɗan mai kaɗan. Samun fata mai kyau ba wuya, ga dukawan Naraguta nan kusa. Mai santsi ake nema, marar tabo ko ƙulli.

Sai dai fata ba ta kashe ƙwayar cuta. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B na iya rayuwa kwana 7 ko fiye a busasshen jini, kuma tun da aka tabbatar da ƙanjamau a Nijeriya a 1986 jama'a suka fara karkata ga reza, kowa da tasa. Wannan tsoro yana da tushe. Askar da ta taɓa jinin wani, idan aka goga ta a fata ba a wanke an dafa ba, fatar ma ta gurɓata. Saboda haka tsarin da ya dace shi ne a wanke, a dafa, a goga, sannan a sake dafa askar a tafasasshen ruwa, a busar da ita a tsumma mai tsabta kafin ta hau kan wani. Mafi kwanciyar hankali kuma shi ne magidanci ya mallaki askarsa da fatarsa, wanzami ya zo da hannunsa kawai.