Daga Malfar Jaji zuwa Wayar Malam

Wanda ya tashi daga Sakkwato zai je Fakku sai ya bi titin Jega, ya wuce Boɗinga da Shagari da Tambuwal, sannan ya nausa kudu ƙasar Kebbe, can inda jihar ta yi iyaka da Kabi da Zamfara. Tafiya ce mai nisa, da damina kuwa nisan ninkuwa yake yi. Duk sa'ad da na ji ana maganar shigar da na'ura cikin aji, wannan hanyar ce take fara faɗo mini a rai. Malamin firamare na ƙasar Fakku yana da yara a gabansa, yana da alli in an yi sa'a. Abin da ya daɗe bai samu ba shi ne wanda zai riƙa ƙara masa sani ba sai ya bar ajinsa ya yi kwana da kwanaki a birni ba.

Wannan matsala ta girmi boko. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta fuskance ta ido da ido, domin matan karkara ba za su iya barin gidajensu su zauna a gabanta ba. Sai ta zaɓi dattijai mata, ta naɗa kowace a matsayin jaji, ta ba ta malfa da jan ƙyalle ta ɗaura a kai don a san da izini take tafe. Jaji ta zo ta ɗauki karatu cikin waƙa, ta hardace, ta koma ƙauye ta karantar, lokaci ya zagayo ta sake dawowa da tambayoyin da suka shige mata duhu. 'Yan Taru ke nan. Kayan aikinsu waƙa ce da takardar ajami, amma abin da ya raya tsarin shi ne dawowar nan. Ni dai har yau ban ga dabarar horar da malami daga nesa da ta fi wannan fahimtar ƙasarmu ba.

Da boko ya zo, malami aka fara nema kafin komai. Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922 don horar da malamai, a nan kuwa Ahmadu Bello ya yi karatu kafin ya dawo ya koyar a Midil ta Sakkwato daga 1931 zuwa 1934. Shehu Shagari ma malami ne tun kafin siyasa ta ɗauke shi, kuma da ya so yara su riƙe sunayen garuruwa da koguna da tarihin ƙasa, waƙa ya koma wa, ya tsara Waƙar Nijeriya a ƙarshen shekarun 1940. Na'urar malamin ƙauye ta farko kuwa baƙin allo ce. Mu da muka yi firamare a karkara mun san aikin ranar Juma'a: a samo mataccen batirin tocila, a fasa, a dama baƙin cikinsa da ɗan ruwa, a goga wa allo da tsumma har ya yi ƙirin, hannuwanmu su wuni baƙi. Ranar Litinin malam ya shigo ya ja layi da alli, rubutu ya fito tas har ga na layin baya.

Majigi ya yi zamaninsa lokacin Yaƙi da Jahilci, motar gwamnati ta zo da dare a kafa farin ƙyalle a ƙofar hakimi, gari ya waye ta wuce. Rediyo ya fi shi zama. Bayan kafa gidan rediyon Kaduna a 1962 an riƙa watsa darussan makarantu, daga baya ma aka kafa cibiyar fasahar koyarwa ta ƙasa a Kaduna a 1977. Maƙwabtanmu na Nijar sun fi mu zurfafawa, don tun 1964 suka gwada koyar da yaran firamare ta talabijin, darasi yana fitowa daga Yamai, mai kula da aji yana taya shi. Gwajin ya yi suna a duniya, amma ajujuwan da ya kai kaɗan ne, tsada ta hana shi yaɗuwa.

Shekarar da ta girgiza komai ita ce 1976. A watan Satumba aka soma shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, UPE, yara suka yi ambaliya fiye da lissafin gwamnati. Aka ɗebi matasa aka yi musu horon gaggawa, wasu ma ko horon ba su samu ba aka miƙa musu alli. A wannan shekarar ce aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna, aikinta kuwa shi ne ta bi malami har inda yake. Dabararta takarda ce: ƙananan littattafai da aka rubuta yadda mutum zai karanta shi kaɗai, da haɗuwa a cibiya ranar Asabar da lokacin hutu. Da haka dubban malamai suka sami Giredi Tu, daga 1990 kuma aka soma NCE ta wannan hanya, ga kuma kwalejin horar da malamai ta Sakkwato, mai sunan Shehu Shagari, ga wanda ya sami damar zama. Ina tuna wani malaminmu da yake ɗaure littattafan nan a leda a bayan kekensa. Da dare ya kunna fitilar ƙwai ya duƙufa, ranar Asabar ya yi sammako. Shekara huɗu yana wannan zirga-zirga, ajinsa bai taɓa zama ba malami ba, kuma mu yara mun ga canjin a yadda yake koya mana lissafi, ya daina cewa mu maimaita, ya koma aiko mu mu tsinto tsakuwa da karan dawa. Ba a cika lissafa littattafan NTI cikin fasaha ba saboda ba sa cin wuta. A ganina babu abin da ya ɗaga malamin karkarar Sakkwato kamarsu.

A Sakkwato Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya, UBE, ranar 30 ga Satumba 1999, bayan shekara biyu wayar salula ta shigo ƙasa, daga nan kuma kwamfuta ta zama abin da kowane ɗan siyasa yake son a ɗauke shi hoto a gabanta. Na taɓa shiga wata makaranta aka buɗe mini ɗakin da aka ajiye su. Suna jere bisa tebur an lulluɓe su da zani, ƙura ta yi musu kaca-kaca, zanzaro ya yi gini a bayan ɗaya. Ba wuta, ba man janareto, malamin da aka tura bita ta kwana uku an yi masa canjin wurin aiki. Hedimasta ya riƙe makulli gam, don yana tsoron in ɗaya ta lalace a cire a albashinsa. Ban ga laifinsa ba. Ana cikin haka hukumar jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, hukumar rajistar malamai ta TRCN ma ta soma tata a 2017. Yaron ƙauye da malaminsa duka sai a zauren jarrabawa suke fara ɗora yatsa kan madannai, agogo na gudu.

An ɗan dawo hanya da shirin Mu Karanta, wanda aka gudanar a Sakkwato da Bauci da tallafin Amurka, daidai lokacin da Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Abin da aka ba malami littafin jagora ne da Hausa, darasi bayan darasi, yaro kuma da nasa littafin, sannan a turo jami'i ya zauna a bayan aji ya saurara, in an tashi su tattauna. Mai lura zai ga inuwar jaji a nan. Sai dai aikin da ya dogara da kuɗin waje ranar yayensa tana nan tafe, kuma a 2025 Amurka ta janye mafi yawan irin wannan tallafi.

Korona ta rufe makarantu a Maris 2020, sai ga tsohon rediyo an koma wa, domin shi ne yake kowane zaure kuma batir biyu sun ishe shi. A Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar saboda 'yan bindiga, duk mai koyo ta waya a wuraren nan karatunsa ya tsaya cak. A Maris 2022 Gwamnatin Tarayya da UNICEF suka buɗe rumbun darussa na intanet mai suna Nigeria Learning Passport, kyauta ne.

Duk da haka wayar nan ta yi abin da kwamfutar ɗaki ta kasa, don tana aljihun malam, tasa ce, ba ya jiran makulli. Malamai sun buɗe zaurukan WhatsApp da kansu ba wanda ya umarce su. Wani ya ɗauki hoton tsarin darasinsa ya tura, wata malama ta naɗi muryarta tana rera sautin baƙaƙe, na nesa ya sauke ya saurara. Da kuɗin aljihunsu suke sayen data, su kai wa mai caji waya su biya, wani sai ya hau tudu kafin sabis ya kama.

Rokona ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da sashen ilimi na Kebbe da na Tambuwal shi ne, kafin a sake sayen kwamfuta ko ɗaya, a sa wa kowace firamare farantin sola guda da zai caja wayoyin malamai, a ware musu kuɗin data a wata, a ɗora jagororin darasi na Hausa a kan katin waya yadda za su buɗu ko babu sabis. Jami'in da yake duba makarantu kuma a ba shi man babur, ya isa Fakku ko sau ɗaya a wata, ya zauna a bayan aji har a tashi.