Na'urar Farfaɗo da Zuciya da Matsalar Nisa a Gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Runji

Tsakure

Maƙalar ta duba dacewar na'urar farfaɗo da zuciya mai sarrafa kanta, wadda ma'aikatan lafiyar Nijar suka sani da DAE, ga waɗannan gundumomi uku na jihar Maraɗi. Hujjarta ita ce, wurin ajiye na'urar da hannun da zai ɗauke ta sun fi yawanta muhimmanci.

Yadda take aiki

Tsayawar zuciya farat ɗaya sau da yawa ruɗewar lantarkinta ne: tsokar ta shiga karkarwa, jini ya daina gudana. Ana manna faifai biyu a ƙirji, ɗaya ƙarƙashin ƙashin wuya na dama, ɗaya a gefen haƙarƙarin hagu. Na'urar ta karanta bugun, ta faɗa da murya ko a saki wuta ko kada a saki. Idan lantarkin ya ɗauke ƙurmus, ba ta sakin komai, sai dai a ci gaba da danna ƙirji, sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6. Likita Frank Pantridge ne ya fara ɗora irinta a motar asibiti a Belfast a 1965, nauyinta kusan kilo 70. Ta yau ba ta wuce kilo biyu ko uku ba.

Nisa da lokaci

Kowane minti da ya wuce ba a taimaki wanda ya faɗi ba, damar rayuwarsa tana raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Daga Agye zuwa birnin Maraɗi kimanin kilomita 80 ne a kan babbar hanya ta RN1, Gazawa ta fi haka nisa, Gidan Runji kuwa wajen 50. Ke nan na'urar da ke babban asibitin Maraɗi ba ta da amfani ga wanda ya yanke jiki a kasuwar garin Cadawa, balle na ƙauye, wanda sai an ɗauko shi a amalanke ko kabu-kabu. Muhallinta shi ne cibiyoyin lafiya na CSI, da tashoshin mota, da filin kokowa.

Akwai rukunin da ya kamata a sa a gaba. Ciwon raunin zuciya na masu jego sananne ne a ƙasar Hausa. Masu bincike Davidson da Parry sun yi bayaninsa a Zariya tun shekarun 1970, suka danganta shi da wankan jego da kunun kanwa. Zuciyar da ta raunana haka tana iya ruɗewa ba shiri. Sai dai faifan ba ya aiki ta saman riga, kuma da wuya namiji baƙo ya buɗe ƙirjin matar aure a cikin gidanta. Wannan kunya gaskiya ce, kuma tana cin mintoci. Don haka ungozomomi da matan da ke wayar da kai a unguwanni su ne farkon waɗanda suka cancanci horo.

Zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, yana busar da danƙon faifan, yana kuma rage ƙarfin batir. Kowace cibiya na bukatar mutum guda, da sunansa a rubuce, da zai riƙa duba fitilar na'urar da ranar ƙarewar faifan kowane wata.