Asalin Neman Rahusa a Tikitin Jirgin Sama

Mutumin da ya zauna da waya a hannu yana jujjuya ranakun tafiya domin ya dace da tikiti mafi rahusa, yau ya ga kuɗi kaza, gobe ya tarar an ƙara ko an rage, alhali jirgin shi ne, kujerar ma ita ce, yana iya zaton haka al'amarin yake tun fil azal. Haƙiƙa wannan nema bai wuce shekara hamsin da yaɗuwa ba.

A shekarar 1945 kamfanonin jiragen sama suka hallara a birnin Havana na ƙasar Kuba, suka kafa ƙungiyar IATA, wadda ta riƙa zaunar da su suna yin ittifaƙi a kan kuɗin tafiya tsakanin ƙasashe, gwamnatoci suna sa albarka. A cikin Amurka kuwa hukumar sufurin jiragen sama ta CAB ce take ƙayyade farashi, ta kuma yanke wa kowane kamfani hanyar da zai bi. Da yake an rufe ƙofar ciniki, sai gasa ta koma kan daɗin abinci da ladabin ma'aikata, hawa jirgi ya zama na attajirai da manyan ma'aikatan gwamnati, tikiti kuma ɗan littafi ne da dillali yake cikewa da alƙalami.

Sababin sauyi ya faro ne daga wahalar lissafi, domin a kan katuna ake rubuta sunayen fasinjoji, kuskure kuwa ba ya ƙarewa. A 1953 shugaban American Airlines, C. R. Smith, ya zauna kusa da wani ma'aikacin kamfanin IBM a cikin jirgi, daga hirarsu aka haifi na'urar SABRE, wadda ta kankama a 1964, aka shigar da ita ofisoshin dillalai a 1976. An yi ta don kiyaye sunaye, amma sai ta ba kamfani ilmin da bai taɓa mallaka ba, wato sanin waɗanda suke saye da wuri, da waɗanda suke zuwa a ƙurarren lokaci, da adadin kujerun da suke tashi babu kowa. Kujerar jirgi kuwa ta fi ɗanyen tumatir saurin lalacewa, gama da zarar an rufe ƙofa, wadda ba a sayar ba ta zama asara.

A 1977 wani Bature mai ƙarfin hali, Freddie Laker, ya soma ɗaukar mutane daga Landan zuwa Niyok a kan fam 59, a 1978 kuma Shugaba Jimmy Carter ya rattaba hannu a kan dokar da ta sakar wa kamfanonin Amurka mara. Sababbi irin su People Express suka fito suna karya farashi, tsofaffi suka ga halaka ido da ido. Hikimar da Robert Crandall na American Airlines ya ɓullo da ita, ya cika ta a 1985, ita ce har gobe take mulkin wannan tijara: a ware kujeru kaɗan a kowane jirgi a sayar da su da rahusa mai yawa, a wancan lokaci bisa sharaɗin a saya tun saura wata guda, kuma matafiyi ya daɗe kafin ya komo, har daren Asabar ya same shi a can. Ba a ɗora waɗannan sharuɗɗa don wahalarwa kawai ba, rariya ce mai tace ɗan kasuwar da kamfaninsa yake biya masa, wanda ba ya iya jira, daga mai ziyarar da yake da haƙuri amma ba shi da wadata. Laker ya riga ya karye tun 1982, People Express ma aka haɗiye shi a 1987.

Da intanet ta zo, shafukan Travelocity da Expedia suka bayyana a 1996, Skyscanner da Kayak suka biyo baya, aka daina tikitin takarda a 2008, abin da dā dillali kaɗai yake gani ya zama a fili ga kowa. Dukan nasihohin da matafiya suke yi wa juna, a saya da wuri, a guje wa lokutan bukukuwa, a yarda da yada zango, a duba ko kuɗin kaya yana ciki, sharhi ne kurum a kan matanin da aka rubuta tun wancan zamani.

Ina ganin wannan tsari ya zo da ni'ima babba, domin ɗalibi da ɗan ci-rani sun hau abin da iyayensu suke hangowa a sama kawai. Sai dai akwai wanda raina yake sosuwa dominsa, shi ne mutumin da aka kira da tsakar dare cewa mahaifiyarsa tana kwance rai a hannun Allah, wanda lalura ta tilasta masa tafiya gobe, na'ura kuwa ba ta bambanta gaggawarsa da ta attajiri, sai ta ɗora masa farashi mafi tsada. A dā kamfanoni da dama suna da rangwame na musamman ga masu zuwa jana'iza ko dubiya, amma American Airlines, wanda a gidansa aka raini wannan hikima, ya soke nasa a 2014.