Daga Fata zuwa Takarda: Zanen Uli a Ayyukan Uche Okeke

A harshen Igbo kalmar uli tana ɗauke da ma'ana uku: sunan tsiro ne, sunan ruwan da ake matsowa daga 'ya'yansa ne, kuma sunan zanen da ake yi da ruwan ne. Ɗaya daga cikin tsirran shi ne wanda Hausawa ke kira katambiri, wanda matan Hausa su ma suka daɗe suna ado da shi. Wannan maƙala za ta dubi yadda zanen ya tashi daga jikin mace ya koma kan takarda ta hannun Uche Okeke (1933–2016).

Asali uli sana'ar mata ce. Akan shafe jiki da majigi, sannan mai zane ta tsoma 'yar siririyar wuƙa a ruwan ta ja layi a wuya, ƙirji, ciki da ƙafafu. Ruwan yakan fito dishi-dishi, sai an kwana yake yin baƙi, bayan kamar mako guda kuma ya dushe. Jiki shi ke tsara zanen. Fata ba shimfiɗaɗɗen allo ba ce, don haka dole layi ya bi lanƙwasar gaɓa. Ba a kuma gogewa, saboda haka hannu ba ya inda-inda. Filin da aka bari babu zane, wato fatar ita kanta, daidai yake da layin a daraja. Sunayen siffofin ma abin nazari ne ga masana harshe: isi nwaoji yana nufin kan goro, agwolagwo kuwa naɗin maciji. Zuwan mishan da makarantun boko ya sa aka riƙa kallon al'adar a matsayin ƙauyanci, har ta ja baya ƙwarai.

Okeke ɗan asalin Nimo ne, amma a Kafanchan ya tashi. Ya shiga Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, inda a 1958 shi da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da wasu suka kafa ƙungiyar ɗaliban zane. Manufarsu ita ce a gauraya dabarun Turawa da gadon gida. Gadon da Okeke ya koma wa shi ne uli, mahaifiyarsa kuwa ta san shi, a wurinta ya sha.

A jerin zane-zanensa na Oja, na 1962, ana ganin sakamakon. Maimakon inuwa da auna gaɓoɓi irin na Turawa, siririn layi ne na tawada yake tafiya yana murɗewa, sai ga fuska ko ƙugu sun bayyana, sauran takardar kuma fara fat. Wato layin da a da ake ɗora wa jiki, yanzu shi ne yake gina jikin. Nan ne gudummawarsa ta haƙiƙa take, ba a kwaikwayon tsofaffin siffofi ba.

Bayan yaƙin basasa ya shugabanci sashen zane na Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka, inda shi da Chike Aniakor da Obiora Udechukwu suka mayar da uli tafarkin koyarwa. Sai dai ƙaurar ba ta zo a kyauta ba. Zanen da ke motsi idan mai shi ta yi rawa ya tsaya cik a bango, abin da ake yi don ya dushe ya zama abin adanawa da sayarwa. Sunayen da suka shiga littattafai galibi na maza ne 'yan jami'a, alhali yawancin matan da suka riƙe sana'ar ba a rubuta nasu ba.