Yadda Bishiyar Ok ta Koma Arewacin Turai Bayan Zamanin Ƙanƙara

Kimanin shekara 21,000 da suka wuce, ƙanƙara ta lulluɓe yankin Sikandinebiya da mafi yawan Birtaniya, teku kuma ta janye har zurfinta ya ragu da wajen mita 120. Filayen da suka zama Faransa da Jamus a yau fako ne a lokacin, sai ciyawa da iska mai sanyi. Bishiyar ok, wato ƙatuwar bishiyar nan mai ƙwarin katako da masana ke kira Quercus, ba ta jure irin wannan sanyi, don haka ta ƙare ƙaf a arewa. Inda ta tsira shi ne kudu, a yankuna uku da suka kutsa cikin Bahar Rum: Sifaniya da Fotugal, Italiya, da yankin Balkan. Da ɗumi ya kankama, wajen shekara 11,700 da suka wuce, sai ta kama hanyar arewa, cikin ƴan dubban shekaru ta kai Sikotland da kudancin Suwidin.

Shaidar farko a kan wannan tafiya daga garin fure ta fito. Garin da iska ke kwasowa yana faɗawa cikin tafkuna da fadamu, laka ta binne shi hawa-hawa, ya daɗe bai ruɓe ba. Tun 1916 Lennart von Post, masani ɗan Suwidin, ya nuna cewa za a iya haƙo lakar a ƙirga garin, a san itatuwan da suka rayu a wuri da zamanin da suka rayu. Sai dai garin fure lokacin isowa kawai yake faɗa. Ba ya nuna ko kakannin bishiyar daga Sifaniya suke ko daga Balkan.

Ƙwayoyin halitta ne suka cike wannan giɓi. A cikin ganyen kowace bishiya akwai ƴan korayen ƙwayoyi da ake kira kulorofilas, masu sarrafa hasken rana su mai da shi abinci, kuma suna da nasu DNA daban. A jinsin ok, wannan DNA ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa. Garin fure na iya tafiya mai nisa cikin iska, amma ba ya ɗauke da shi. Sai ƙwallon bishiyar ya je wuri ya tsiro sannan DNA ɗin ya isa can. Yana kuma sauyawa a hankali ƙwarai, har ya zama kamar tsagar gado a fuska, wadda ke nuna gidan da mutum ya fito ko da ya yi nisa da garinsu.

A 2002 Rémy Petit na cibiyar binciken noma ta Faransa, INRA, da abokan aikinsa daga ƙasashen Turai da dama suka wallafa sakamakon gwajin bishiyoyi fiye da 12,000 daga kurmi fiye da 2,600. Sun ware tambarin wannan DNA iri 32, waɗanda suka kasu zuriya shida. Da aka zuba su a taswira, aka haɗa da shaidar garin fure, sai hanyoyin suka fito fili. Zuriyar Sifaniya ta bi gaɓar Tekun Atilantika, ta cika yammacin Faransa, ta shiga Birtaniya da Ayalan. Ta Balkan ta bazu a tsakiya da gabashin Turai, ta Italiya kuma ta yi arewa, tsaunukan Alps suna karkatar da tafiyar. A tsakiyar nahiyar, inda hanyoyin suka gamu, nan aka fi samun cakuɗuwar zuriyoyi.

Abin da ya fi ɗaure wa masana kai tun da daɗewa shi ne saurin tafiyar. Ƙwallon ok yana da nauyi, gindin uwarsa yake faɗuwa, kuma bishiyar na yin shekaru gommai kafin ta fara ƴaƴa sosai. A 1899 Clement Reid, masanin duwatsu ɗan Ingila, ya yi lissafi ya ga cewa in da faɗuwar ƙwallo kaɗai aka dogara, ok zai buƙaci kusan shekara miliyan ɗaya kafin ya kai arewacin Birtaniya. Alhali garin fure ya nuna yana cin ɗaruruwan mita a shekara. Amsar da ta fi ƙarfi tana wurin wani tsuntsu dangin hankaka mai shuɗin zane a fiffike. Da kaka yakan cika maƙoshinsa da ƙwallaye, ya riƙe ɗaya a baki, ya tashi wani lokaci har ƴan kilomitoci, ya tona ƙasa ya binne su ɗaya-ɗaya don guzurin hunturu. Wanda ya manta da shi, shi ke tsirowa.

Taswirar DNA ta goyi bayan haka. A yammacin Faransa an ga tambari ɗaya ya mamaye fili mai faɗin kilomita gommai, daga nan wani ya karɓa, faci-faci. Da a ce dajin a jere ya matsa gaba ɗaya, da tamburan sun gauraye. Abin da ya faru shi ne, jefi-jefi ƙwallo ɗaya kan yi nisa gaban sauran, ya tsiro shi kaɗai, ƴaƴansa da jikokinsa su cika wurin kafin na baya su iso. Wanda ya riga zama shi ya riƙe ƙasa, kuma alamar tana nan bayan kusan shekara 10,000.

Akwai wani abin lura kuma. Manyan nau'o'in ok biyu na Turai, Quercus robur da Quercus petraea, in suna kurmi ɗaya galibi tambari ɗaya suke da shi, wanda ke nuna sun daɗe suna barbarar juna. Petit da abokansa suna ganin robur ne ke fara isa wuri, petraea ya biyo ta hanyar garin furensa.

Masu kula da gandun daji na amfani da taswirar wajen gane kurmin da mutane suka dasa da irin wata ƙasa, tunda tambarinsa kan saɓa da na maƙwabta. Amma gwaje-gwajen da Antoine Kremer da abokansa suka yi a filayen dashe sun nuna cewa tambarin uwa ba ya faɗin yadda bishiya za ta girma ko lokacin da za ta yi toho. Waɗannan halaye sun bi yanayin wurin da kurmin yake a yanzu, saboda garin fure ya daɗe yana cakuɗa sauran ƙwayoyin halittar.