Waziri Aku a Gaban Kyamara

Duk wanda ya zauna a benci a firamare a ƙasar Hausa ya san aku na Magana Jari Ce, littafin da Alhaji Abubakar Imam ya rubuta a Zariya, aka buga shi kashi uku tsakanin 1937 da 1939. Abin da nake so mu duba, ya 'yan'uwana ɗalibai, shi ne yadda tsuntsun nan ya kasance sa'ad da gidan talabijin na Kaduna ya ɗauko littafin ya mai da shi wasan kwaikwayo a shekarun 1980.

Gidan nan ya fara aiki a 1962, watau zamanin Gwamnatin Jihar Arewa, sa'an nan a 1977 ya koma ƙarƙashin NTA. A nan ne aka shirya wasan, marigayi Kasimu Yero yana cikin fitattun 'yan wasansa, aka kuwa yi shi da Turanci don a nuna wa Nijeriya duka. To, a nan aka fara samun canji. Littafin da sunansa ma yake cewa magana dukiya ce, an raba shi da harshen da dukiyar take ciki. Sarki Abdurrahman yana nan da rawaninsa, amma karin maganar da Imam ya yi wa labaran kanun su, da ba'ar fadawa, ba su ƙetare da sauƙi ba.

Canji na biyu shi ya fi damuna. A kashi na ɗaya, Sarki ya tafi yaƙi da Sarkin Sinari, mugun Waziri yana neman ya fito da Musa daga gida ya halaka shi. Aku ba shi da takobi, ba shi da dakaru. Bakinsa kaɗai gare shi. Kowane dare sai ya ja labari har gari ya waye, Musa bai fita ba. Mai karatu yana jin kowane labari ne daga bakin tsuntsun, yana kuma sane da cewa in labarin ya yi lami, ran yaro ya tafi. Amma kyamara aikinta nunawa ne. Da an ce "an yi wani sarki", sai ga sarkin a akwati, 'yan wasa su karɓi zancen, mai ba da labarin ya koma gefe. Gwanintar da ta sa aka naɗa tsuntsu Waziri ta zama gwanintar mutane ke nan. Balle a zo ga irin Labarin Kyanwa da Ɓera: marubuci da layi ɗaya zai sa kyanwa ta yi magana, mai shirya wasa kuwa ina zai sa kansa?

Kada a ce rashin kuɗi ne kurum. Kamfanin Disney na Amurka, da duk dukiyarsa, ya ɗauki littafin Kipling na 1894, The Jungle Book, ya yi zanen majigi da shi a 1967. Mesar nan Kaa, wadda a littafi take taimakon yaron ta cece shi daga birai, sai ga ta a fim tana neman haɗiye shi. Suka ƙaro wani sarkin birai mai waƙa wanda babu shi a littafin sam. Haka Bambi na Felix Salten, na 1923, labari ne mai ɗaci game da farauta, fim ɗin 1942 ya sassauta shi ƙwarai. Silima tana son a gane mugu da ido tun daga kallon farko, maciji kuwa ya dace da wannan.

Duk da haka ba zan zargi mutanen Kaduna da ɓarna ba, don Imam kansa haka ya yi. Akun nan mai hana fita da dare daga tsoffin littattafan Indiya da Farisa ya fito, inda yake hana matar ubangidansa zuwa wurin kwarto. Imam ya ga wannan bai dace da 'yan makaranta ba, sai ya sa ɗan sarki a madadin matar, ya sa yaƙi a madadin fasiƙanci. Kyanwa da ɓeran ma daga tatsuniyoyin Grimm na Jamus ya aro su, ya ba su harshen Hausa, har yawancinmu muka girma muna zaton a rumbun ƙauyenmu suka zauna.